Ba Mai Rai da Ke Motsi Banza: Darasin Gero, Ƙuduji da Burtali

Masu sauraro, manoma da makiyaya na Achilafiya da Karkarna, na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da duk inda wannan murya ta riske ku. Sharhinmu na yau a kan motsi ne: yadda dabba ke tafiya, yadda tsiro ke juyawa, da abin da ke sa su yin hakan. Tun daga firamare ake koya wa yaranmu cewa bambancin dabba da tsiro shi ne dabba tana tafiya, tsiro kuwa a kafe yake wuri guda. Maganar tana da sauƙin haddacewa, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi shafar rumbunanmu. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, duk motsin da wani abu mai rai ya yi yana da dalili, kuma yana da farashi. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya gano dalilin motsi zai iya karkatar da shi inda yake so da ɗan ƙaramin ƙarfi. Wanda kuwa ya tare hanya ya bar dalilin yana nan, motsin ba zai tsaya ba, hanya kawai zai sake, kuma sau da yawa ta inda ɓarna ta fi yawa zai bi. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan saiwar gero, tana aiki a kan fara da jan baki, tana kuma aiki a kan garken shanu.

Mu fara da abin da kowane manomin yankin nan ya sani. A tsakiyar Agusta hadari kan taso da iska mai ƙarfi cikin dare, gari ya waye gero ya kwanta a jere a kan kunya. Bayan kwana biyu ko uku sai a tarar kan geron ya ɗago, ba wanda ya tallafe shi. In ka duba karan da kyau za ka ga bai lanƙwasa a ko'ina ba sai a kan gaɓa, kuma gefen gaɓar da ke kallon ƙasa ya fi na sama tsawo da kumburi. A cikin ƙwayoyin halittar wannan wuri akwai wasu 'yan ƙwayoyin sitaci masu nauyi. Muddin kara yana tsaye suna kwance a gindi. Da zarar ya faɗi sai su gangara zuwa gefen da ya koma ƙasa, kuma da wannan ne tsiron ke gane ina ne sama, ina ne ƙasa. Daga nan wani sinadarin girma da ake kira oksin ya taru a gefen ƙasa, ƙwayoyin halittar wurin su miƙe fiye da na sama, kara ya tashi. A saiwa kuwa yawan wannan sinadari rage girma yake yi, shi ya sa ko a kife ka jefa iri a rami, saiwa ƙasa take nufa, tsiro kuma sama. Masani Charles Darwin da ɗansa Francis sun wallafa littafi a kan motsin tsirrai a 1880, inda suka nuna cewa in aka rufe kan ɗan tsiron ciyawa da wata 'yar hula, ba ya ƙara karkata wajen haske, alhali ƙasa da kan ne yake lanƙwasawa. Wato kai ne ke gani, ya aika saƙo ƙasa. Tsakanin 1926 da 1928 wani ɗalibi a ƙasar Holan, Frits Went, ya tatsi wannan saƙo daga kan tsiro, ya tabbatar da cewa sinadari ne.

Gyaɗa ta fi gero bayyana wannan al'amari. Furenta rawaya a sama yake buɗewa, ya yi yini guda ya yanƙwane. Bayan kamar mako guda sai wani ɗan tsinke ya fito daga gurbin furen, ɗauke da 'ya'yan da aka riga aka yi barbararsu a bakinsa, ya juya ya nufi ƙasa. Sai ya huda ƙasa ya shiga 'yan santimita, ya sami duhu da danshi, sannan bakinsa ya kwanta ya fara kumbura ya zama gyaɗa. Tsinken da ya fito daga reshen da ya yi nisa da ƙasa, kamar fiye da santimita 15, yawanci bushewa yake yi a hanya. Wanda ya tarar ƙasa ta ƙeƙashe shi ma haka. Kuma ita 'yar gyaɗar da ke cikin ƙasa, sinadarin kalsiyam da take buƙata daga ƙasar da ke kewaye da ita take zuƙarsa kai tsaye, saiwar uwa ba ta isar mata da shi yadda ya kamata. In babu shi sai a tono ɓawo ba ƙwaya. A nan ne dalilin abubuwa uku da malaman gona ke ta nanatawa yake: a gama noma da fartanya kafin tsinkayen su fara shiga ƙasa, a bar ƙasar gindi da taushi, a kuma ba gyaɗa takin sufa, wanda ke ɗauke da kalsiyam ban da fosfaras. Manomin da ya shiga gona da fartanya bayan gyaɗa ta fara sauka, tafiyar amfaninsa yake yankewa da hannunsa.

Wani zai ce, ai wannan girma ne kawai, ba motsi ba ne, tun da abin da ya lanƙwasa ba ya komawa. To a dubi wake da tsakar rana a lokacin da ruwa ya ɗauke. Da safe ganyensa a shimfiɗe yake yana karɓar rana. Da azahar sai ganyen ya miƙe ya ba rana gefe, don ya rage zafin da ke sauka a kansa da ruwan da yake asara, da yamma kuma ya koma yadda yake. A gindin kowane ganye akwai wani ɗan kumburi. Tsiron yana kwashe sinadarin fotasiyam daga wani gefe zuwa wani, ruwa ya bi shi, gefe ɗaya ya cika ya yi tauri, ɗayan ya saki, ganye ya juya. Haka tsamiya ke haɗe ganyenta da magariba ta buɗe da asuba, haka ganyen gero da dawa ke naɗewa in fari ya tsananta. A 1729 wani masani Bafaranshe, de Mairan, ya ajiye wani tsiro mai irin wannan ɗabi'a a cikin duhu, ya ga yana ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci, abin da ya nuna cewa agogon a jikin tsiron yake. Motsi ne mai zuwa da dawowa, ba tare da tsoka ko ƙashi ba. Kuma yana da farashi, domin ganyen da ya naɗe ya toshe ƙofofin numfashinsa ya daina haɗa abinci. Geron da ya yini a naɗe ya tsira da ransa, amma ya biya da ƙwayar da zai yi. Mai noman rani a bakin madatsar ruwan Kazaure ko a fadamun Kogin Gari, in ya ga ganye a naɗe tun da hantsi, ya san ban ruwa ya riga ya makara.

A wajen dabba kuwa, injin motsi tsoka ce. A cikin kowace tsoka akwai zare iri biyu da ke kwance a jere, ana kiransu aktin da mayosin. A 1954 wasu ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa zarurrukan ba sa gajarcewa, zamewa suke yi a kan juna. Saƙo ya zo daga jijiya, kalsiyam ya fito, sai kawunan mayosin su kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar yadda mai ɗiban ruwa a rijiya ke jan igiyar guga hannu bayan hannu. Kowane ja guda sai an biya shi da makamashin da jiki ya samo daga abinci. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, shi ya sa kowace gaɓa take da tsoka biyu masu adawa, ɗaya ta naɗe ɗaya ta miƙar. Masana kiwo sun auna kuɗin wannan aiki: saniya mai nauyin kilo 300 in ta yi tafiyar kilomita 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin da ta ƙona ya kai kusan wanda za ta samar da litar madara guda da shi. Saboda haka duk dabbar da ke doguwar tafiya tana da dabarar rage tsada. Raƙumi yana da faffaɗan tafin ƙafa da ke hana shi nutsewa a rairayi. Shamuwa, wadda ke iso mana gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ba ta cika kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa take hawa tana kewayawa har ta yi sama, sannan ta zame zuwa wata. Da wannan dabara take ƙetare tsakiyar Afirka. Waɗanda aka ɗaura wa na'urar bin sawu a Nijar an bi su har Tanzaniya da ƙasashen da ke kudu da ita. Abin da take bi shi ne damina da fara da tsutsotsin da damina ke fitarwa. Dabbar da tafiya ke ci mata wannan kuɗi ba za ta tashi ba sai in zaman ya fi tafiyar tsada.

Yanzu mu ga abin da sanin dalili ke iya yi, mu ɗauki babban abokin gabar gero da dawa a tudun yankin nan, wato ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tsiro guda yana zubar da dubun dubatar iri masu ƙanƙanta kamar ƙura, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ruwan sama kaɗai ba ya sa shi tsirowa. Sai ya ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ko masara ke fitarwa a kusa da shi, sannan ya fasa, ya miƙa ɗan guntun saiwarsa ya manne da ta uwar gida, ya huda ta ya fara tsotsa. Guzurinsa kaɗan ne, in bai sami abin kamawa cikin 'yan kwanaki ba, ya mutu. Yakan yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana sha kafin ya leƙo, shi ya sa lokacin da manomi zai ga jan furensa an riga an yi mafi yawan ɓarnar. An fara ware wannan sinadari a 1966, kuma abin lura, daga saiwar auduga aka same shi, alhali ƙudujin hatsi ba ya iya rayuwa a jikin auduga. Ga ƙofa ta buɗe: auduga, gyaɗa, waken suya da wasu irin wake suna kiran irin ƙuduji ya fasa, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Juya amfanin gona tsakanin hatsi da waɗannan, shekara bayan shekara, yana rage irin da ke kwance a ƙasa. Sai kuma tambaya ta biyu: me ya sa gero ke fitar da abin da ke jawo masa maƙiyi? A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa wasu ƙananan halittu masu amfani na cikin ƙasa yake kira da shi, waɗanda ke taimaka masa samun fosfaras. In ƙasa ta gaji, kiran yana ƙaruwa, ƙuduji kuma ya ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gonar da ta ƙoshi da taki kiranta kaɗan ne. Wake ma yana da nasa ƙudujin daban, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya sun fitar da irin wake masu jure masa.

A nan wani dattijo zai iya cewa, ai kakanninmu sun san ƙuduji ciwon gajiyayyar gona ne, sun san haɗa gero da wake, sun san shamuwa albishir ce, tun kafin a gina makarantar boko. Gaskiya ne, kuma duk mai ilimin da ya raina wannan sani ya yi asara. Sai dai sanin cewa abu yana faruwa daban, sanin abin da ke sa shi daban. Na farko yana amfani muddin duniya ba ta sauya ba. Kakanninmu suna da filin da za su bar gona ta huta shekaru. Yau an raba gonar gado har ta kai ba mai iya barin ko kunya ɗaya. Damina ta zama ba tabbas tun bayan farin 1973 da na 1984. In yanayi ya sauya, wanda ya gaji al'ada kaɗai ba ya sanin wane ɓangare ne zai riƙe, wane ne zai saki. Wanda ya san dalili kuwa zai gane cewa hutun gona ba shi ne maganin ba a kan kansa, abin da hutun ke maido wa ƙasa ne maganin, don haka zai nemo shi ta wata hanya: takin gida, ɗan takin zamani a gindin shuka, juya amfani, da tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri.

Haka abin yake ga maƙiyan da ke zuwa ta sama. Farin dango a asalinta halitta ce mai gudun 'yan uwanta, tana zaune ɗai-ɗai a hamada. In aka yi ruwa mai yawa ta hayayyafa, sannan ciyawa ta bushe ta rage 'yan tsibirai, dole su cunkushe wuri guda. Gogayyar da ƙafafunsu na baya ke yi da juna tana ɗaga wani sinadari a jijiyoyinsu mai suna serotonin, kuma binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin 'yan sa'o'i ɗabi'arsu ke juyewa su koma neman juna. Daga nan rundunar ta tashi, tana bin iska, tana iya cin kilomita 100 zuwa 150 a yini. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana cin abincin mutum kusan 35,000 a rana. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan a 2004, kuma ya taimaka wajen jawo yunwar 2005. Shi ya sa yaƙin fara na gaskiya a wuraren haihuwarta ake yinsa, kafin ta taru. Jan baki ma haka. Masanin tsuntsaye Peter Ward, wanda ya yi aiki a arewa maso gabashin Najeriya, ya bayyana cewa abincinsa na asali irin ciyawar daji ne. In ruwan farko ya sauka irin ya tsiro, abinci ya ɓace, sai ya tashi zuwa inda damina ta riga ta yi nisa, daga baya ya biyo sabon iri ya dawo. Yaron da ke kaɗa gwangwani a gona gonar maƙwabci kawai yake tura tsuntsun. A fadamar Hadejia an ga yadda kachala ta ba shi mafakar kwana da sheƙa, don haka share kachala da gano makwancinsa da wuri sun fi ihu amfani.

Sai mu zo kan motsin da ya fi jawo mana ɓacin rai, wato na shanu. Makiyayi yana hawa arewa da damina saboda sabuwar ciyawar can ta fi gina jiki, babu ƙudan tsando, kuma ya kauce wa gonaki. Da kaka ya gangaro neman karan hatsi da harawa, da rani kuma ya bi ruwa. Yankinmu yana kan wannan hanya, Babura tana bakin iyakar Nijar, kasuwar dabbobi ta Maigatari ba ta da nisa. Burtali shi ne maganin da magabata suka yi wa wannan tafiya: sun san garke zai wuce ko an so ko an ƙi, sai suka ware masa hanya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 a kan zirga-zirgar dabbobi duk a kan wannan fahimta aka gina su. In aka nome burtali ko aka kewaye mashaya da lambu, ƙishirwar saniya ba ta ragu ba, ciyawar da take nema ba ta matso ba. Garken zai wuce, sai dai yanzu ta cikin gonar wani. Masu cewa a killace shanu wuri guda kamar yadda ake yi a Turai suna da hujja, domin mun ga abin da tafiya ke ci wa saniya. Amma killacewa tana nufin ɗauko abinci da ruwa a kai mata, kuma wani ne zai biya. A 1983 masu bincike biyu na ƙasar Holan, Breman da de Wit, sun nuna cewa garkunan Fulani masu kai da komo a Mali suna samar da abin gina jiki a kowace hekta fiye da killatattun gonakin kiwo na Amurka da Ostireliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. A ƙasar da ruwa ke sauka nan ya tsallake can, tafiya ita ce hanyar cin moriyar ciyawa. Inda aka tanadi ruwa, ciyawa da maganin dabbobi, makiyayi da kansa zai rage tafiya, don ya fi kowa sanin ramar da take sa wa dabbarsa.

Kada a ɗauki wannan a matsayin uzuri ga wanda ya saki shanu cikin gonar da ba a girbe ba. Saniya yunwa take bi, amma mai sandar mutum ne mai hankali, shari'a da doka suna kansa, kuma manomin da aka cinye wa guminsa yana da haƙƙin diyya cikakkiya. Haka wanda ya nome burtali shi ma ya ci haƙƙin jama'a. Abin da ilimin halitta ya ƙara mana shi ne ganin yadda waɗannan motsi suke a sarƙe. Dubi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani, saboda saiwarsa tana bin danshi zuwa zurfi. A Senegal an tarar da ita a zurfin fiye da mita 30. 'Ya'yansa na nuna a lokacin da dabba ta fi buƙatar abinci. Shanu da awaki su ci, ƙwayar irin mai tauri ta ratsa cikinsu, ta faɗi a wata gona tare da takinta. Da ƙafar dabba gawo ke tafiya. Kashin garken da ya kwana a gona bayan girbi yana maido da fosfaras, fosfaras yana rage kiran da gero ke yi, ƙuduji ya ragu. Ashe manomin da ya kori garke gaba ɗaya daga yankinsa ya buɗe wa ƙuduji ƙofa bai sani ba. A Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna sassabe shi, saboda saiwar tsohuwar bishiya ta riga ta kai ga ruwa, abin da dashen gandu ke mutuwa kafin ya yi. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kusan hekta miliyan biyar.

Akwai kuma mai cewa duk wannan ikon Allah ne, bin diddiginsa shisshigi ne. Babu shakka ikon Allah ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah Ya sanya wa abubuwa sababi, kuma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Wanda ya san yadda ƙwayar sitaci da ido ba ya gani take ɗaga karan gero, mamakinsa ga halitta ƙaruwa yake yi.

Saboda haka kirana uku ne. Na farko ga malaman kimiyya a makarantun Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura: darasin motsin tsirrai ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Gwangwani uku da wake sun isa. A kwantar da ɗaya a gefe, a sa ɗaya a kwali mai ƙofa guda, a bar ɗaya a fili, yara su auna da kansu har mako. A tono gindin gyaɗa da na geron da ƙuduji ya kama su gani da idonsu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura suna iya sa ɗalibansu su auna yawan ƙuduji a gonakin da garke ke kwana da waɗanda ba ya kwana, mu sami alƙaluman ƙasarmu. Na biyu ga malaman gona na hukumar aikin gona ta jiha, JARDA: duk shawarar da za ku ba manomi ku haɗa masa da dalilinta, domin umarni ana mantawa, dalili kuwa yana zama. Na uku ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai, ardo-ardo da hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jiha: da rani ake shata burtali da mashaya, a kafa musu alama, a kuma sanar da ranar sakin gonaki bayan an kwashe amfani, tun kafin garken farko ya gangaro. Kuɗin alamar siminti bai kai kuɗin shari'a guda ba, balle ran mutum.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.